Famfo na Biyu

"Ke tsohuwa! Je ki gaya musu famfo biyu ne. Biyu!"

Muryar Nedyalko ce ta fito ta tagar ɗakinsu, a karkace kamar yadda bakinsa ya koma tun da ɓarin jikinsa ya shanye kwana uku da suka wuce. Matarsa Ginka ta sauko matakala tana dogara sanda, ta ratsa tsakar gida, ta tsaya a bakin gareji inda maza uku suka kewaye tsohuwar motarsa.

"Likita, ya ce in tuna maka famfo biyu ne. Ɗaya a gaba ƙarƙashin lagireto, ɗaya can a gefen injin."

"Ni za a tuna wa?" in ji Likita Kolev, yana gyara farar safar hannunsa. "Shekara goma sha huɗu ina shugabancin ƙungiyar nan, Ginka. Koma ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, motarsa tana hannun masana."

Ina tsaye a nawa gefen shingen ina gasa tattasai, na yi tsaki yadda kowa zai ji. Masana! Kolev haƙori yake cirewa kafin ya yi ritaya. Ƙungiyar da yake hura hanci da ita kuwa taron tsofaffi ce, 'yan fansho masu tsofaffin motoci, da ke haɗuwa a dandali duk Lahadi lokacin zafi, su ɗaga bonet su yi ta leƙen hanjin motocin juna suna kaɗa kai.

Ranar Waliyyi Dimitar ce, ranar da sanyi ke kama aiki a wajenmu. Makiyaya su sauko da tumaki daga dutse, mata su rufe kwalaben ƙarshe na miyar da suke adanawa don lokacin sanyi, Nedyalko kuma ya kwantar da motarsa ƙirar Volga. Ba za ta sake taka titi ba sai ranar Waliyyi Georgi, in ciyawa ta fito. Garejinsa yana kallon ƙofar kicin ɗina, don haka shekara talatin da ɗaya ina ganin wannan hidima ko ina so ko ba na so. Ya wanke ta, ya goge ta har 'yar barewar ƙarfen da ke kan hancinta ta riƙa ɗaukar ido. Ya ɗaga ta da jak ya ɗora a kan kututture huɗu don kada tayoyi su gaji. Ya toshe salansa da tsumma, ya barbaɗa busasshen na'a-na'a a kan kujeru saboda ɓeraye. Ya cire batir ya rungumo shi zuwa ɗakin kwana, ya aje kusa da murhu, wurin da ya fi ko'ina ɗumi a gidan. Ginka can gefen taga take kwana.

Sai kuma batun ruwa. Kowa a garin nan ya daɗe da komawa ruwan kanti mai hana daskarewa, ban da Nedyalko. Shi a wajensa guba ne. Ruwan sama kawai motarsa take sha, wanda ya tara a ganga ya tace da farin ƙyalle. To amma ruwan sama ruwa ne. In aka bar shi a cikin injin sanyi ya kama, sai ya daskare ya kumbura ya tsaga ƙarfen, kuma irin wannan injin ba a samunsa yanzu ko'ina. Shi ya sa duk shekara, ƙarshen aikin, yakan buɗe famfon gaba, sannan ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwanta rigingine, ya zura hannu har kafaɗa ya buɗe na biyun. Ginka na tsaye tana riƙe masa fitila yana yi mata tsawa.

Kolev ya buɗe na gaba, wannan ko makaho ya iya. Ruwa ya zubo a bokiti, abokansa biyu suka tafa masa kamar ya ciro jariri. Daga nan ya zagaya gefe, ya sunkuya iya yadda tumbinsa ya yarda, ya leƙa, ya sake leƙawa. Ya dubi ƙasan garejin, ya dubi wandonsa mai kari. Na ga sarai lokacin da ya yanke shawara. Ya zura hannu ya taɓa wani abu da ba shi ba ne, ya miƙe yana kakkaɓe safa.

"Shi ke nan, 'yan'uwa. Ko ɗigo bai rage ba."

Suka ja bargo suka lulluɓe ta, suka kulle, suka shiga ciki suka mayar wa mai ita makullinsa, Ginka ta zuba musu barasar inabi. Ina jiyo Kolev har daga inda nake yana ba da labarin yadda famfon ya yi gardama.

Bargon nan ma da suka rufe ta da shi, na Ginka ne. Uwarta ta saƙa mata shi da hannu, ja da baƙi, cikin kayan aurenta. Shekarar da aka sayo motar bargon ya bar gadonsu, bai sake komawa ba.

Washegari da hantsi na kai musu miyar kaza. Ba don shi ba, don ita. Na same shi jingine da matasai uku, makullin gareji rataye a wuyansa da igiya, ya sa an juya gadon yadda zai riƙa hango ma'aunin sanyin da ke kafe a jikin taga ta waje. Mutumin da a da in ya tako titinmu ko gaisuwa sai ya ga dama, ga shi ana share masa yawu.

"Velika," ya ce, da ƙyar harshen ke juyawa. "Ke da ba abin da ke wuce idonki. Kolev ya kwanta a ƙasa?"

"Ina kwana dai, maƙwabci. Ya jikin?"

"Ya kwanta ko bai kwanta ba?"

Da na ce ban gani ba, da ya mutu cikin kwanciyar hankali, na sani. Amma shekara talatin da ɗaya nake jiran ranar da mutumin nan zai nemi wani abu a wajena, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

"Ko gwiwarsa bai lanƙwasa ba," na ce. "Wandonsa ya fita daga garejinka fes kamar yadda ya shiga."

Gefen fuskarsa mai rai ya yi fari fat. Ya sa Ginka ta kira masa Kolev a waya, ta kara masa a kunne. Ina jin ƙarajin Likita daga cikin wayar: shi za a ƙaryata, shi da ya bar hidimar gabansa ya zo taimako, a kan maganar wata mai gasa tattasai? Ya ce in an raina aikinsa a nemi wani, ya kashe. Sauran biyun da aka kira, ɗaya ya ce bayansa ya riƙe, ɗaya ya ce ba zai shiga tsakaninsa da shugaba ba. Ƙungiya ke nan.

"Ba ni makullin," na ce. "Na san inda famfon yake. Minti biyar ne."

Ya damƙe igiyar wuyansa da hannunsa mai aiki. "Ke? Da wannan hannun na jagwalgwala miya? Mace ba ta taɓa injin nan ba tun da aka ƙera shi."

"To zauna da abinka. In injin ya fashe ka dafa shayi da ruwan."

"Zan tashi," ya ce. "Sati guda zan tashi in yi da kaina."

Ginka tana gefe tana ninke tawul.

Kada a ce na tsani mutum haka kawai don yana son motarsa. Mijina Marin, Allah ya gafarta masa, tattabaru yake kiwo, sun ɓata min shanya shekara ashirin ban kai shi ƙara ba. Abin da ke tsakanina da Nedyalko ya faru ne wata Fabrairu, shekara tara da suka wuce. Ginka ta fito zubar da toka, santsin ƙanƙara ya kwashe ta a matakala, ƙashin ƙugunta ya karye. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar dutse, aka ce motar asibiti ta maƙale a can, sai nan da awa uku. Titin cikin gari kuwa an share, an watsa gishiri don ƙanƙara ta narke. Na ruga na same shi tsaye a kanta yana murza hannu.

Na ce, "Sauke motar, Nedyalko! Minti ashirin ka zuba ruwa ka sa batir."

Ya ce, "Kin san abin da gishiri ke yi wa ƙasan mota?"

A kan ƙyauren ɗakin ajiya muka ɗauke ta, ni da Marin da wasu mutum biyu, muka sa ta a bayan motar burodin da Marin ke tuƙawa, tsakanin kwanduna. Tana cizon gyalenta don kada ta yi ihu. Shi kuma ya biyo mu a ƙafa, da ya iso asibiti har yana ba nas labarin cewa yana da Volga ta shekarar sittin da biyu. Tun daga ranar Ginka take dogara sanda, ni kuma tun daga ranar ban sake kiransa da wani abu na mutunci a raina ba.

Satin ya wuce bai tashi ba. Rana tana fitowa, ma'auni yana kan takwas, yana kan shida. Ya daina cin abinci sosai. 'Yarsu da ke aiki a Sipaniya ta kira, Ginka ta kara masa wayar, abin da ya fara tambayarta shi ne ko mijinta zai iya zuwa kafin sanyi ya sauka. Fada ya zo daga coci ya yi masa addu'a, da zai tafi ya kama masa hannun riga yana tambaya ko ya taɓa riƙe sifana. Fada ya ce shi ko keke bai iya gyarawa ba.

Ranar Litinin rediyo ya ce iska mai sanyi na tahowa daga arewa, ƙarshen mako za a yi goma ƙasa da sifiri. Ina ɗakin lokacin, na kawo madara. Ya daɗe yana kallon rufi. Can ya sa hannu ya ciro igiyar daga wuyansa, ta maƙale a kunnensa, ba wanda ya taimaka masa, har ya fitar da ita.

"Tsohuwa," ya ce. "Ungo. Kin ga yadda nake yi. Ki juya famfon hagu, a hankali, kada ki tilasta shi. Kada ki jingina da fenti."

Ginka ta karɓi makullin ta jefa a aljihun gaban rigarta, ta ɗauki kofin madara.

"Buɗe bakinka," ta ce.

Daga nan kullum maganar ɗaya ce. In ta shigo da safe: "Kin buɗe?" Ta ce, "Ɗaga hannunka in canza maka riga." In ta kawo abincin rana: "Kin buɗe?" Ta ce, "Sha miyarka tun da zafi." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tana juya shi, tana wanke shi, tana shafa masa mai a baya don kada ya yi gyambo, duk ba ta fasa ba, amma wannan kalma ɗaya ta hana shi. Ni kuma ina lura da garejin daga kicin, kwaɗon yana nan yadda yake.

Da farko abin ya yi min daidai. Na ce a raina, yawwa, ashe matar nan tana da jini a jika. Bari motar ta fashe, ya ji ƙarar daga gadonsa. Amma ranar Alhamis na shiga na tarar da shi yana kuka. Ba kukan mai ciwo ba, irin na yaron da aka ƙwace wa abin wasa, hawaye na bin gefe ɗaya na fuskarsa. Ma'auni yana kan biyu. Raini na ji, kamar kullum, sai dai wannan karon ya zo da wani abu mai nauyi a ƙirji, don ni na ɗora masa wannan dutsen da bakina.

Na bi Ginka kicin. "'Yar'uwa, ba ni makullin nan in je in yi. Ba don shi ba. Ni dai ba na son ganin aiki rabi da rabi."

"Bar shi, Velika."

"Ke ba za ki iya kwanciya a ƙasa da wannan ƙugun ba, na sani. Ni gwiwoyina da sauransu."

"Na ce ki bar shi." Ta ci gaba da feraye dankali. "In kina son taimako, ɗebo min itace."

Na ɗebo mata itace.

Ranar Asabar da la'asar sama ta yi duhu, dusar ƙanƙara ta fara sauka sama-sama. Ginka ta buga min bango da sandarta sau uku, na gane, na shiga. Numfashinsa ya koma sama, yana ja yana tsayawa. Ta kunna kyandir ta sa masa a hannu ta riƙe tare da shi, kamar yadda ake yi. Idonsa ba ya kan kyandir ɗin, ba ya kanta, yana kan taga. Ma'auni ya taɓa sifiri, inda ruwa ke fara daskarewa.

Leɓensa ya motsa. Ginka ta sunkuya har gashinta na taɓa fuskarsa. Na ga yadda ta riƙe numfashi. Shekara arba'in da shida suna tare. Ni ma na matso, don ko ni na sa rai.

"Kin... buɗe?"

Ta miƙe zaune a hankali. Ta gyara masa matashi. Ya ci gaba da kallonta yana jira, ita ma tana kallonsa, har kallon nasa ya zama ba kallo ba. Ta sa yatsu biyu ta rufe masa ido, ta tashi ta yafa tawul a kan madubi kamar yadda muke yi in an yi mutuwa.

"Allah ya gafarta masa," na ce, don abin da ake cewa ke nan.

Da gari ya waye sanyin ya sauka da gaske. Famfon tsakar gidana ya daskare, tsumman da na manta a igiya ya sandare kamar katako. An riga an liƙa takardar rasuwa a ƙofar gidan da jikin bishiyar bakin titi, da hotonsa, wanda shi ya zaɓa tun da ransa, yana jingine da motar, ita ta cinye fiye da rabin hoton. Kolev ne ya fara zuwa, da baƙar kwat da furanni da takardar jawabi a aljihu. Ya tsaya gaban gareji ya cire hula ya sunkuyar da kai. Na wuce shi.

Na sami Ginka a kicin tana tsince alkamar da za a dafa a raba wa mutane a maƙabarta. Ta ciro makullin daga aljihu ta tura min a kan tebur.

"Je ki ɗauko min babbar tukunyata, wannan ba za ta isa ba. Tana gareji."

"Me tukunya ke yi a gareji?"

"Tana ƙarƙashin motar, gefen dama. Ki yi a hankali, a cike take."

Kwaɗon ya yi sanyi har yana kama fata. Na shiga na durƙusa, na ɗaga gefen bargon. Ga kwali shimfiɗe a ƙasa. Ga tukunyar, daidai ƙarƙashin famfo na biyu, cike da ruwa mai launin tsatsa, samansa ya daskare. Famfon a buɗe yake, an juya shi hagu, bakinsa a bushe.

Na jawo ta da ƙyar na kai bakin ƙofa. Ginka ta riga ta sauko, tana tsaye da sandarta da baƙin gyale. Kolev ya shiga ciki wajen gawa, ba kowa a tsakar gidan sai mu biyu.

"Tun yaushe?" na ce.

"Talata. Da kika tafi kasuwa."

"Kika jira sai da na tafi?"

"Bakinki ba ya riƙe magana, maƙwabciya. Da kin gani da kin gaya masa."

"Ginka, ke kaɗai? Yaya kika sauka ƙasa? Yaya kika tashi?"

"Saukar ba wuya. Tashin ne ya ci min kusan awa guda, sai da na ja jiki zuwa wajen kututture na dafa." Ta gyara gyalenta. "Ba laifin motar ba ne ai. Ƙarfe ce. Me ta sani?"

"To don me ba ki gaya masa ba? Kwana huɗu mutumin nan yana..." Na kasa ƙarasawa. Ni da na fi kowa raina shi, ga ni ina yi masa faɗa.

Ta dubi tukunyar, ba ta dube ni ba.

"Da na koma ɗaki ran nan ƙafata ko ɗaguwa ba ta yi, ina jan ta a ƙasa. Na zo da niyyar in gaya masa. Na tsaya a gabansa, sai ya karkata kai ya leƙa ta bayana, don na tare masa ma'auni. Kullum in na shiga ina cewa yau zan faɗa. Jira nake ya tambaye ni wani abu dabam, Velika. Ko mene ne. Ko 'kin ci abinci?' Da ya tambaya sau ɗaya, da na gaya masa."

Shekara talatin da ɗaya ina ganin ni ce mai riƙo a titin nan, ina tsaki ta kan shinge, ashe wasan yara nake yi. Tausayinta ya kama ni, da ɗan tsoronta kuma.

"Kama min," ta ce. "Mutane za su fara taruwa, alkama ba ta dahu ba."

Ta jingina sandarta da bango, ta kama kunne ɗaya na kama ɗaya, muka karkata tukunyar. Ƙanƙarar saman ta zame gaba ɗayanta ta faɗa kan dusar da ke ƙasa ba ta fashe ba, ruwan ya bi bayanta. Ginka ta ɗauki tukunyar da sandarta ta hau matakala, taki ɗaya-ɗaya. Na tsaya da makulli a hannu. Faifan ƙanƙarar yana kwance a tsakar gida, ja-ja da tsatsa, sabuwar dusa tana sauka a kansa.